Burtalin Achika Ya Isa Filin Tseren Keke

Idan aka kwana ana ruwa a Achika, bayan manomi babu wanda yake wayar gari da farin ciki kamar mai keke. Rairayin nan da ya shafe watannin rani yana cinye taya, yana tilasta wa magidanci ya sauka ya tura kekensa yana haki, sai a tarar ya kwanta ya daddale kamar an yi masa daɓe. Ƙura ta mutu, iska ta yi sanyi, gero ya kai gwiwa dama da hagu, hanya ta koma ɗan siririn layi a tsakiyar kore shar.

A irin wannan safiya ce ake aiken yara su kai wa masu noma abinci. Yaro ɗan shekara 12 ya ɗaure ƙullin kwano a kariya da tsohuwar roba, ya jawo keken babansa wanda ya fi ƙarfinsa. Ƙafarsa ba ta kai feda daga kan sirdi, don haka sai ya zura ta ta ƙarƙashin sanda, ya karkace gefe guda. A bakin burtali ya haɗu da sa'o'insa biyu, su ma an aike su. Ba wanda zai buɗe baki ya ce a yi tsere. Kallon juna kawai za su yi, ɗaya ya ɗaga haɓa ya nuna tsamiyar da ke can gaba, shi ke nan an tashi. Wanda ya san hanya ya san inda saiwa ta fito, ya san gefen da ruwa ya zaizaye, ya kuma san cewa 'yar ƙoramar da ke tsakiya ba a taka mata birki, da gudu ake shige ta a ɗaga ƙafa. Wanda bai sani ba ya sha ƙasa, ya tashi ya karkaɗe riga, ya leƙa ko furar ta zube, ya sake hawa.

Abin da yaran nan suke yi da keken aro, a wasu ƙasashe wasa ne mai suna da hukuma da dokoki, har da lambar zinariya a gasar Olamfik. Tseren keke ne na ratsa daji. Ana shata zagaye na kilomita 4 zuwa 6 a hanyar da ba kwalta, a bi ta tudu da gangare da saiwoyi da duwatsu da taɓo, a saki mahaya gaba ɗaya, su yi ta zagayawa har kimanin awa ɗaya da rabi, wanda ya fara tsallake layi shi ya ci. Ƙwararrun da ake gani a talabijin 'yan kaɗan ne. Mafi yawan masu yin wasan malaman makaranta ne da makanikai da ɗalibai da ma'aikatan ofis, waɗanda suke fitowa ranar hutu su biya ɗan kuɗin rajista, su gwada ƙwanjinsu, su koma gida da taɓo har wuya.

Ƙaramar hukumar Wudil tana da duk abin da ake bukata don irin wannan gasa, kuma Achika wuri ne da ya dace a fara. Hanyar tana nan, kekunan suna nan, mahayan ma suna nan tun tuni. Abin da ya rage shi ne manya su shata layin tashi da layin sauka, su sa rana.

Wanda zai ce wasan masu kuɗi ne, ya dubi asalinsa. A ranar 21 ga Oktoba, 1976, wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka suka taru a kan wani tudu kusa da garin Fairfax, suka yi tseren gangarowa a wata hanyar daji mai tsawon kilomita 3 da ɗoriya. Kekunansu tsofaffi ne, irin na shekarun 1930 da 1940, masu nauyi da faffaɗar taya, waɗanda suka tsinto a shagunan gwanjo da bayan gidaje suka yi wa kwaskwarima. Birkin kekunan a cikin ƙafar baya yake, kuma kafin a kai ƙasa zafi ya ƙone giris ɗin da ke ciki, sai an kwance an sake cusa wani. Daga nan tseren ya samo sunansa na Repack, wato sake cusawa. A cikin samarin da suka yi fice a wannan harka akwai Charlie Kelly da Gary Fisher da Joe Breeze, sai wani maƙerin keke mai suna Tom Ritchey, wanda sunansa zai sake fitowa a wannan bayani. Breeze ya ƙera keke na musamman don irin wannan hanya a 1977. A 1981 kamfanin Specialized ya fara fitar da irinsa da yawa zuwa kasuwa. A 1990 aka yi gasar duniya ta farko ƙarƙashin hukumar tseren keke ta duniya, UCI, a garin Durango, sannan a 1996 wasan ya shiga Olamfik a Atlanta. Shekara 20 ke nan cif daga tarkacen gwanjo zuwa lambar zinariya.

Tsohon Phoenix ko Raleigh da ke jingine a zauren gidan manomi a Achika bai fi waɗancan kekuna na 1976 muni ba. Ta wani fannin ma ya fi su, don shi kullum a kan aiki yake, kuma akwai wanda ya san ciwonsa.

Magana ta biyu da za a kawo ita ce ta dutse. Turawa suna kiran abin hawan da sunan keken hawan dutse, ƙasar Wudil kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, jigawa da fadama, kogi ya ratsa ta. Wannan ma ba hujja ba ce. Namijin da ya fara cin zinariyar wasan a Atlanta, Bart Brentjens, mutumin Holan ne, ƙasar da duniya ta sani da rashin tudu. A gasar Landan ta 2012, a cikin wata gona aka yi tseren, Hadleigh Farm a yankin Essex, kuma duwatsun da mahaya suka bi ta kansu a mota aka kawo su aka jera. A gasar Paris ta 2024, tudun Élancourt da aka hau ba halitta ba ne, tarin ƙasar haƙa ne da ɓaraguzai da juji na shekaru, aka gyara aka shuka itatuwa. A Beljiyam kuma akwai ɗan'uwan wannan wasa da ake yi da hunturu, inda garin Koksijde ya yi suna saboda tudun rairayinsa na bakin teku, har ya karɓi gasar duniya a 1994 da 2012. Dubban mutane suna biyan kuɗi su tsaya cikin sanyi don su ga yadda ƙwararre zai ratsa rairayi ba tare da ya sauke ƙafa ba. Wannan fasaha ce da yaron karkarar Kano yake koya tun kafin ya iya karanta Fatiha da kyau: a ja jiki baya, a saki kan keke ya nemi hanyarsa, kada a daina taka feda.

Abin da wasan yake bukata shi ne ƙasa mai canza hali, wadda za ta sa mahayi ya yi tunani a kowane taku. Wannan kuwa akwai shi. Akwai kwazazzabon da ruwa ya yanka, a gangara a haura. Akwai gaɓar kududdufi inda aka haƙi ƙasar gini. Akwai suri da kututture da saiwar ɗorawa, akwai inda hanya take matsewa tsakanin shingen aguwa har kafaɗa tana gogar ganye, akwai rairayin gindin ƙorama. Mai ido zai iya haɗa kilomita 5 daga waɗannan ba tare da an sari itace ko an taɓa kunyar kowa ba. Ranar da yaran suka ƙware suka nemi dutse na gaske, Rano tana nan cikin jihar, Dutse ta Jigawa ma ba nisa.

Sai batun lokaci, kuma a nan ne ya kamata a yi hattara da kwaikwayo. A Turai da Amurka ana yin wasan daga watan Mayu zuwa Satumba saboda lokacin ne suke samun rana da ɗumi. Watannin sun zo daidai da damina a ƙasar Hausa, amma dalilin zaɓarsu a nan daban ne. Da bazara, Maris zuwa Mayu, zafi a Kano yana haura digiri 40, kuma sa yaro ya yi gudun awa guda a cikinsa ganganci ne. Da hunturu akwai sanyi mai daɗin motsa jiki, amma rairayi ya saki, ga hazo da ƙurar da ke shiga ƙirji. Da kaka gari ya yi kyau, abinci ya samu, sai dai lokacin ne tsidau da ƙarangiya suke bushewa su zube a hanya. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke a karkara ya san aikin tsidau: 'yar ƙwallo ce mai ƙahoni, ko ta yaya ta faɗi akwai ƙaya ɗaya da ke kallon sama, kuma tafiya ɗaya tana iya huda tiyub wuri 3 ko 4. Damina ce kaɗai take haɗa ƙasa mai ƙarfi da iska mai sanyi da ƙayar da ba ta riga ta ƙosa ba.

Ita ma damina ba duka ake ɗauka ba. Daga saukar ruwan shuka har a gama noman fari da maimai, hannun kowane yaro yana da amfani a gona, kuma duk wanda ya kira tsere a lokacin ya nemi faɗa da iyaye, ya kuma cancanci a yi masa. Amma akwai ɗan sarari bayan maimai, kafin gero ya nuna a shiga girbi, lokacin da aiki yake lafawa, kuma ya zo daidai da dogon hutun makarantu na Agusta. Matsalarsa marka. Idan sama ta ɗinke kwana biyu ana yayyafi, fadama takan zama laka mai kama taya har ƙafa ta daina juyawa, ƙoramu su cika, kogin Wudil ya yi fushi, musamman idan madatsun Tiga da Challawa sun tumbatsa. Saboda haka hanyar gasa a jigawa za a shata ta, nesa da gaɓar kogi, inda ruwa yake tsanewa cikin 'yan awoyi. A tashi da sassafe bayan gari ya waye sosai, a gama kafin hantsi ya yi zafi. Idan hadari ya haɗo ana walƙiya, a ɗage. Ba kofin da ya kai ran ɗan mutum.

Akwai wata riba da wannan gasa za ta kawo wadda ba ta shafi wasa ba, kuma wataƙila ta fi kofin muhimmanci. Burtali hanyar shanu ce tsakanin gonaki, daga ruga zuwa makiyaya da mashaya. Iyaye da kakanni sun bar shi da faɗi, sun kafa masa shinge, don dabba ta wuce ba ta taɓa shuka ba. Yau a wurare da yawa na ƙasar Kano burtali yana ramewa. Wannan ya ci taku ɗaya bana, maƙwabcinsa na ɗaya gefen ya ci taku ɗaya baɗi, bayan shekara 10 hanyar da garke yake bi ta koma wadda jaki da mangala ma sai ya karkata. Daga nan saniya ta sa baki a dawa, sanda ta fito, magana ta kai gaban dagaci ko ofishin 'yan sanda. Yawancin rigimar manoma da makiyaya a irin waɗannan garuruwa daga wannan taku ɗaya take farawa.

To a ce kowace shekara, mako biyu kafin gasa, dagaci da masu unguwanni da Arɗo da wakilan manoma su taka hanyar nan da ƙafa daga farko har ƙarshe, don tabbatar da cewa keke biyu za su iya jerawa. Duk inda aka ci burtali ido zai gani, a gaban kowa, ba tare da an kai ƙarar kowa ba. Hanyar da jama'ar gari suke taruwa a bakinta sau ɗaya a shekara, suna ihu suna kiran sunayen 'ya'yansu, ta zama abin kowa, kuma mai son ya saci taku ɗaya zai ji nauyi. Amma sharaɗi ne a tuna cewa masu shanu su ne masu burtali na asali. Da yardarsu za a sa rana da sa'a, a bar garke ya fita kiwo tukuna, kuma 'ya'yansu su shiga gasar kamar kowa, don samarin ruga ma gwanayen keke ne. Ranar Juma'a ba ta cikin lissafi, saboda kasuwar Wudil da karar shanunta, wadda take jawo fatake daga nesa. Alhamis kuma ta Darki ce. Asabar ta fi dacewa.

Mutumin da gasar za ta fi ɗaga darajarsa shi ne mai faci. Yana nan a gindin bishiya da akwatin katakonsa, da famfo, da kwanon ruwan da yake nutsa tiyub a ciki yana neman inda kumfa zai fito, da gwangwanin sholisho da guntun fayil da sifana biyu ko uku da suka sha hannu. Yaro ya turo keke ya ce, «Baba, a duba mini, tun jiya yake cin sarƙa.» Shi kuma ba zai tanka ba sai ya ɗaga ƙafar baya ya juya feda da hannu ya kasa kunne. Daga ƙarar kaɗai zai gane ko boris ne ya fashe, ko sarƙa ce ta saki, ko ƙafar ce ta karkace tana bukatar a ɗaure wayoyinta. Irin wannan mutum shi ne injiniyan gasa. Shi zai duba birkin kowane keke kafin a tashi, wanda bai da birki gaba da baya ya koma gefe. Shi kuma zai zauna a wurin da aka keɓe a bakin hanya don gyaran gaggawa.

Kada a raina wannan aiki. A ranar 29 ga Yuli, 2024, a tseren Olamfik na Paris, ɗan Birtaniya Tom Pidcock yana kan gaba sai tayarsa ta gaba ta yi faci. Kafin a canza masa ƙafa, Victor Koretzky na Faransa ya ba shi ratar fiye da rabin minti. Pidcock ya bi shi a hankali, zagaye bayan zagaye, ya cim masa, ya wuce shi a zagayen ƙarshe ya ɗauki zinariya. Keken da ya hau kuɗinsa ya kai dubban daloli, amma abin da ya kusa raba shi da nasara shi ne dai abin da yake tsayar da mai kai kayan miya kasuwar Darki. Na uku a wannan tsere ɗan Afirka ne, Alan Hatherly na Afirka ta Kudu, wanda bayan 'yan makonni ya zama zakaran duniya a Andora.

Wani zai ce ana fama da abin da za a ci, wa yake ta tseren keke? Tambaya ce mai nauyi, musamman a watan Agusta da rumbu yake komawa ƙasa. Amsarta tana cikin abin da keke yake yi wa talaka. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da yawa da suka jingine keke suka hau babur sun koma sun kakkaɓe shi. Mutanen Maiduguri sun riga kowa sanin wannan, don tun da aka hana hawan babur a birnin a 2011 keke ya zama abin hawan malami da ɗan kasuwa da ɗalibi. Kano kuwa tana da tsohuwar zumunta da dokin ƙarfe, har masana'antar Raleigh aka taɓa yi a birnin, kuma dattawa suna tuna zamanin da sabon keke mai ƙararrawa da madubi yake sa a san saurayi ya isa aure. Abin da ya faru daga baya shi ne darajar keke ta faɗi a idon matasa, ya zama alamar wanda bai samu ba. Saurayi ya gwammace ya ci bashi ya sayi babur, ko ya tsaya bakin titi yana jiran mota, da a gan shi yana taka feda. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ƙoƙarin dawo da martabar keke daga Abuja, yana hawa zuwa ofis, amma kiran bai sauka ƙasa ba. Martaba ba daga sama take saukowa ba a irin wannan abu. Ranar da yaran gari suka ga an ɗaga wani nasu sama ana yi masa kirari saboda keke, ranar ce za su daina jin kunyar hawansa zuwa makarantar da ke kilomita 7 daga gida.

Shi ya sa kyautar gasar bai kamata ta zama ta ado ba. Na ɗaya ya samu sabon keke. Na biyu da na uku su samu taya da tiyub da sarƙa da famfo. Duk wanda ya kammala a ba shi ko da takardar shaida ce da sunansa a jiki.

Ruwanda ta nuna inda irin wannan ƙaramin abu yake iya kaiwa. Tom Ritchey, maƙerin nan na Kalifoniya, ya ziyarci ƙasar a 2005, ya ga manoma suna dakon kaya a kan kekunan katako a cikin tsaunuka. A 2006 aka shirya gasa a can, ta kekunan katako da ta kekunan daji, kuma a nan aka gano wani saurayi mai suna Adrien Niyonshuti, wanda ya rasa 'yan'uwansa maza 6 a kisan ƙare dangi na 1994. Bayan shekara 6 shi ne ya riƙe tutar Ruwanda a bikin buɗe Olamfik na Landan, ya kuma yi tseren ratsa daji a waccan gona ta Essex har ya kai ƙarshe. A watan Satumba na 2025 birnin Kigali ya karɓi gasar tseren keke ta duniya ta kan titi, karo na farko da aka yi ta a nahiyar Afirka.

Najeriya ta bi ta wata hanyar. An gina katafaren zauren tseren keke a filin wasa na ƙasa da ke Abuja don wasannin Afirka na 2003, amma sai a 2024 aka samu wadda ta wakilci ƙasar a tseren keke na Olamfik, wata baiwar Allah Ese Ukpeseraye. Ita ma da ta zo shiga tseren cikin zaure, tawagar Jamus ce ta ba ta aron keke. Ta cancanci yabo, kuma labarinta ya nuna abin da yake faruwa idan aka fara gini daga rufi. Ƙasar da take da miliyoyin yara masu tuƙa keke a rairayi kullum ba ta rasa gwanaye ba, hanyar gano su ce babu.

Wa zai ɗauki nauyi? Ba sai an jira Abuja ba, ba ma sai an jira gidan gwamnatin Kano ba. Gasar ƙwallon ƙafa ta unguwanni da ake yi a kowane gari, wani ɗan kasuwa ne yake sayen kofi, matasa su share fili, malamin makaranta ya hura usur. Dambe da kokawa ma haka suka rayu shekaru aru-aru ba da kasafin kuɗin kowa ba. A Amurka, gasar kekunan daji ta 'yan sakandare, wadda ta zama ƙungiyar ƙasa a 2009, wani malamin lissafi ne mai suna Matt Fritzinger ya fara ta da 'yan ɗalibansa a garin Berkeley a 1998. Wudil kuwa ta fi garuruwa da yawa sa'a. Tana da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ɗalibanta za su iya auna hanya su zana taswirarta su riƙe agogo. Tana da makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda, inda motsa jiki yake cikin karatu. Tana da mazaɓu 10: Achika, Dagumawa, Dankaza, Darki, Indabo, Kausani, Lajawa, Sabon Gari, Utai da Wudil. Idan Achika ta fara bana, baɗi Lajawa ko Utai za ta ce ita ma ba a bar ta a baya ba, kuma cikin 'yan shekaru sai a ga kowace mazaɓa tana fitar da gwanayenta zuwa gasar ƙaramar hukuma.

Tsarin ba ya bukatar wahala, amma yana bukatar gaskiya. A raba masu keke mai giya da masu keke marar giya, don kada ɗan mai hali ya cinye komai da kuɗin babansa. A raba yara da samari, kuma rajistar makaranta ko shaidar mai unguwa ce za ta faɗi shekaru, tunda kowa ya san yadda ƙaryar shekaru ta lalata ƙwallon matasa a ƙasar nan. Yara zagaye ɗaya ko biyu ya ishe su. Hular kwano dole ce, kuma tunda ba kowa ne zai iya saya ba, kwamiti ya tanadi guda 20 ko 30 a riƙa karɓa-karɓa rukuni bayan rukuni. Ma'aikacin lafiya ya zauna da akwatinsa, a sa mutum a kowace kwana, a sassabe ciyawar bakin hanya saboda maciji. Kada hanyar ta kusanci babban titin da tireloli suke bi, kada kuma a bar 'yan babur su bi mahaya a baya suna tayar musu da hankali.

'Yan mata ma suna da hakki a ciki. Inda iyaye suka amince, a yi musu nasu rukunin a filin makaranta, ƙarƙashin kulawar malamai mata, cikin suturar da ta dace da tarbiyyar gari. Yarinyar da ta iya keke ta rage rabin wahalar zuwa makaranta.

Abu biyu ne za su iya kashe wannan gasa tun tana jaririya, kuma gara a faɗe su tun yanzu. Na farko ƙwaya. Duk inda aka ce ƙarfi da juriya, masu sayar da Tramadol suna raɓe a gefe, kuma duk saurayin da aka gani da alamar maye a cire shi a gaban jama'a, ko ɗan wane ne. Na biyu siyasa. Ɗan siyasar da yake son ya ba da keke ya bayar, Allah ya saka masa, amma kada a yarda a liƙa wa yara hoton ɗan takara a ƙirji, don ranar da gasa ta zama ta jam'iyya ɗaya, rabin gari ya janye 'ya'yansa ke nan.

Kira dai yana ga dagacin Achika da masu unguwanninsa, da shugabannin makarantun firamare da sakandare na mazaɓar, da ƙungiyoyin matasa, da sashen wasanni na ƙaramar hukumar Wudil. Su zauna tun kafin ruwan shuka ya sauka, su gayyato Arɗo da masu facin gari, su fita da ƙafa su zaɓi kilomita 5 na jigawa, sannan su sanar da wata Asabar bayan maimai.